Darasi a Kan Ɓawon Itace: Magani, Maye da Ma'auni

A wannan wata za mu yi nazari a kan ɓawon itace. Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk wanda ya ci kasuwar Makarfi ko ta Ikara ya ga masu magani sun baza sassaƙe a kan tabarma, na maɗaci, da na marke, da na ƙirya, kowanne da ciwon da a ke ce yana kashewa. Da jiƙo kakanninmu suka yi renonmu. Amma yanzu ga wani sabon abu ya shigo. Samari suna gani cikin waya yadda waɗansu mutane a Amurka da Turai su ke sayen ɓawon wani itace, su kulle kansu a ɗaki, su yi ta ƙoƙarin fid da abin mayen da ke ciki da hannunsu. Masu yin haka suna cewa, ai itace ne, daga ƙasa ya tsiro, ba ƙwayar kanti ba ce, don haka babu lahani. Wannan magana ce mu ke so mu auna tare da ku.

Mutanen Nasarawan Doya, da na ƙasar Makarfi da Kudan, ba su bukatar a koya musu aikin mazarƙwaila. A kan matse rake, a tara ruwansa da yawa, a ɗora a wuta. Ruwan ya yi ta ƙonewa, har abin da ya cika babbar tukunya ya koma 'yan dunƙule kaɗan. Zaƙin bai tafi ko'ina ba, taruwa ya yi wuri ɗaya. To, haka ya ke ga ɓawon itace. In an janye ruwa da tsaki, ƙarfin da ke warwatse cikin buhu guda sai ya taru cikin ɗan abu kaɗan. Ga bambancin kuwa. Mai dafa rake yana ɗanɗanawa da harshe, ya san inda zaƙi ya kai. Mai tace ɓawo ba shi da harshen da zai gaya masa ƙarfin abin da ya tara. Itace biyu iri ɗaya ma ba su zama daidai ba: tsoho da ƙarami, na fadama da na jigawa, wanda aka sassaƙa da rani da wanda aka sassaƙa da damina, ɓawon gindi da ɓawon saiwa, kowanne da nasa ƙarfi.

Kada wani ya ce muna zagin itatuwa. Maganin kwinin daga ɓawon wani itace na duwatsun Peru ya fito. Shekaru da yawa Turawa suna shan garin ɓawon, wani ya warke, wani bai warke ba, gama ba wanda ya san yawan maganin da ke cikin kowane awo. A 1820 masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin ɗin shi kaɗai, daga nan aka iya auna shi a sikeli. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai cikin jirgin ruwa mai suna Pleiad, yana ba mutanensa kwinin a aune kowace rana, suka koma ba wanda ya mutu. Kafin wannan kuwa zazzaɓi ya kan cinye matafiyan kogin da yawa. Itacen bai sake ba. Awo ne aka samu.

Bari mu dawo kusa da gida. Maza da yawa sun san garin nan da a ke kira burantashi, wanda waɗansu ke barbaɗawa a kan tsire. Asalinsa ɓawon itacen yohimbe ne, na kurmin Kamaru da kudancin Nijeriya. Wani Bajamushe, Spiegel, ya ware sinadarinsa a 1896. Sinadarin nan yana sa zuciya ta yi gudu, jini ya hau, jiki ya yi rawa, mutum ya ji tsoro ba dalili. Ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, abin ba wasa ba ne. A 2015 wani likita na Jami'ar Harvard, Pieter Cohen, tare da abokan aikinsa, suka gwada iri 49 na maganin yohimbe da a ke sayarwa a kantunan Amurka. Kaɗan ne suka rubuta yawan sinadarin a jikin kwalba. Cikin waɗanda suka rubuta kuma, an sami mai kashi 23 cikin 100 na abin da aka rubuta, an sami mai 147. Ku duba fa, waɗannan masu injuna ne da ma'aikata. In su sun kuskure haka, ina labarin yaro mai tukunya da kwalbar lemo a bayan ɗaki?

Tsofaffinmu sun san ɓawo yana kisa. Ku tambaye su labarin shan gwaska. A dā, a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, in an zargi mutum da maita ko sata, sai a jiƙa ɓawon gwaska a ba shi. In ya yi amai ya tsira, a ce ba shi da laifi. In bai yi amai ba ya mutu, a ce alhaki ne ya kama shi. Ashe dafin da ke ciki zuciya ya ke tsayarwa, bai san mai gaskiya ba, bai san maƙaryaci ba. Mutane nawa ne marasa laifi suka tafi a kan wannan!

Ɓawon da samari su ke gani cikin waya kuwa, yawanci na saiwar wani itace ne na Barazil da Meziko, a Barazil ana ce da shi jurema. Abin da ke ciki sunansa DMT. A 1956 wani likita a ƙasar Hungari, Stephen Szára, ya nuna yana juya hankali, mutum ya ga abin da babu, ya manta inda ya ke. Ga wanda ke da taɓin hankali a ɓoye, ko a cikin danginsa, wannan yana iya tone shi. Masu tacewa kuma da ruwan sinadari mai cin fata su ke aiki, da wani mai kama wuta nan da nan. Ga ƙuna, ga makanta in ya fantsama a ido, ga gobara cikin gidan da yara ke barci, sa'an nan ragowar sinadaran ta kan saura cikin abin da mutum zai sa a jikinsa. A Gabon akwai ɓawon saiwar iboga, wanda shi ma ya kashe mutane a ƙasashe dabam dabam ta wurin rikita bugun zuciya. Hukuma ma ba ta kyale ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa DMT cikin jerin da aka fi tsanantawa, a Nijeriya kuwa tun 1989 akwai hukumar NDLEA mai kama masu sarrafa kayan maye.

Amma a ganinmu, a ƙasar Zazzau wanda ya fi kusa da 'ya'yanmu shi ne zaƙami, gama ba sai an saya ba, a kan juji ya ke tsirowa. Ba ɓawo ba ne, 'ya'ya ne da ganye, amma ciwon ɗaya ne, watau rashin awo. Ba banza aka sa masa suna haukata-yaro ba. Wanda ya sha, bakinsa ya kan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi babu gumi, fitsari ya ƙi fita, ya yi ta tsintar abin da babu a jikin bango. Abin da ya sa wani dariya jiya, shi ne ya kan kwantar da abokinsa yau.

In an kawo muku wanda ya sha irin waɗannan, kada ku ɗaure shi ko ku yi ta dukansa kuna cewa iskoki ne. Kada ku ɗura masa manja ko madara, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro, gama wanda hankalinsa ya gushe ya kan shaƙe da abin da aka ɗura masa. Ku kwantar da shi a gefe ɗaya, ku kawas da wuta da wuƙa, wani ya zauna kusa da shi yana yi masa magana a hankali, wani kuma ya nemo mota. Ku kai shi asibitin Makarfi ko na Ikara, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Shika. Ku tafi da ragowar ɓawon, da kwalbar, da tukunyar ma in da hali. Uwa ta kan so ta rufa asirin ɗanta, mun sani. Amma ku gaya wa likita abin da yaron ya sha, da sa'ar da ya sha, da ko akwai abokan da suka sha tare da shi waɗanda ba a gani ba tukuna.