Ba Kowane Mai Bashi Kotu Ke Cewa Ya Karye Ba

Karayar arziki a bakin 'yan kasuwa daban take da karayar arziki a gaban shari'a. A Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, da zarar an ga rumfar mutum a rufe sai a ce wane ya karye. Amma a dokar Nijeriya, wato Dokar Karayar Arziki ta 1979, babu mai ikon yanke wa mutum wannan hukunci sai Babbar Kotun Tarayya, kuma ita ma ba dole ba ne ta yanke shi don kawai an kawo ƙara.

Dalili kuwa shi ne nauyin abin. Wanda aka yanke wa hukuncin, za a karɓe dukiyarsa a damƙa wa wani amintacce ya sayar, ya raba wa masu binsa. Tsarin Mulki na 1999 ya hana shi takarar shugaban ƙasa, ko gwamna, ko majalisa, har sai kotu ta wanke shi. To, ga abin mamaki: dokar ta ce bashin da ya kai Naira 2,000 ya isa a shigar da irin wannan ƙara. A 1979 wannan kuɗi ne na gaske. Yau ko kwanon shinkafa ba zai saya ba. Da alƙali ba shi da ikon cewa a'a, da duk mai jin haushin maƙwabcinsa ya sami bulalar dukansa.

Saboda haka doka ta bar wa alƙali sarari. Zai iya korar ƙarar idan mai bin bashi bai tabbatar da bashin ba, ko bai isar da takardar ƙara yadda ya kamata ba. Idan wanda ake bi ya ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da ya ɗora masa bashin, alƙali zai iya dakatar da magana har a ji sakamako. Idan kuma ya musanta bashin, ana iya sa ya kawo jingina, a fara warware wannan gardama tukuna.

Babban mafaka dai shi ne mutum ya gamsar da kotu cewa yana iya biyan basussukansa. A nan ake yin kuskure. Alƙali ba ya aiki da rantsuwar cewa kuɗi na nan tafe. Yana son ya ga takardar gida, bayanin banki, lissafin kaya da na waɗanda kai ma kake bi. Mutumin da hannunsa ya ɗaure na wata biyu ba ɗaya yake da wanda bashi ya cinye jarinsa ba, amma shi zai nuna hakan, ba alƙali zai nemo masa ba. Dokar ta kuma ƙara da cewa kotu na iya ƙin yanke hukuncin saboda wani isasshen dalili, misali in ta lura an kawo ƙarar ne don tozarta mutum ko matsa masa ya biya abin da ba haƙƙi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da karantar da babin taflisi, inda alƙali ke bambanta mai taurin bashi da wanda ba shi da hali, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Wanda takardar kotu ta iso masa, kada ya ɓuya ko ya ce sai ya dawo daga tafiya. Bayan an miƙa masa sanarwar neman biya, kwana 14 doka ta ba shi. Ya nemi lauya tun a makon farko, ya tattara takardunsa.