Darasi na Goma Sha Biyu: Kare Mai Yawan Susa

A Kafanchan da garuruwan kewaye, kamar Kagoro da Zonkwa, gidaje da yawa suna kiwon karnuka don gadi da farauta. Idan damina ta sauka, ciyawa takan yi tsawo, ƙwari su yawaita. Sai ka ga kare yana ta susa dare da rana, har gashinsa ya zube, fatarsa ta yi miki.

Abubuwa uku ne suka fi jawo wannan ƙaiƙayi. Kaska takan maƙale a kunne tana shan jini. Ƙuma takan ɓuya cikin gashi. Ƙazuwa kuwa, wasu ƙwari ne da ido ba ya gani suke kawo ta, kuma tana iya kama yaran da ke wasa da karen.

Wasu sukan shafa wa kare baƙin man mota. Wannan kuskure ne, domin man yana ɓata fata, kuma guba ne idan kare ya lashe shi. Abin da ya dace shi ne a kai shi wurin likitan dabbobi, ya gano dalilin ciwon kafin ya ba da magani. A riƙa share makwancinsa kullum, domin a nan ƙuma take hayayyafa. Wanda ya taɓa karen ya wanke hannu da sabulu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke jawo wa kare ƙaiƙayi?
2. Me ya sa ba a shafa masa baƙin mai?