Tsohon Inji Da Ya Ƙi Juyawa

An rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara, inda noman rani ya zama babbar sana'a. Wanda ya bi fadamun Nasarawan Doya bayan ɗaukewar ruwan sama zai ga rake da tumatir da tattasai da albasa, ga kuma ɗan injin ban ruwa a bakin rafi ko bakin rijiya. Injunan nan sun yawaita ne tun farkon shekarun 1990, sa'ad da aka soma Shirin Fadama na ƙasa da taimakon Bankin Duniya. Kafin nan yawanci jigo ne da guga. Yanzu kuwa akwai tsofaffin injuna da yawa a jibge cikin zaure ko bayan rumbu, an ce sun mutu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, sabon inji ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ga shi dashen tumatir ba ya jiran kowa, in ya yi 'yan kwanaki bai sha ruwa ba, wahalar manomi ta tafi a banza.

Injin ban ruwa, da na niƙa, da na matse rake, da wanda a ke ɗaura wa kwalekwale a Yawuri da Lakwaja da Baga, duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Da yawa daga waɗanda aka yanke wa ƙauna ba mutuwa suka yi ba, mugun ajiya ne ya kwantar da su. Wasu kuwa garin gyaran gaggawa aka ƙarasa su.

Tambaya ta fari

In mutum ya zo ya ce injinsa ya ƙi tashi, sai a tambaye shi: in ka ja igiya, yana juyawa ko kuwa ya cije? Waɗannan cuta biyu ne dabam, maganinsu dabam. Mai wanke kafireta alhali inji ba ya ko motsi, ɓata lokaci ya ke yi.

In ya cije

Kada a sa ƙarfi. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci cikin takardan nan. Samari su kan zura dogon bututu a sifana su danna, ko su ɗauko guduma. Abin da kan biyo baya shi ne zobban fistin su karye, ko sandar fistin ta lanƙwashe, ko jikin silinda ya karce. Aikin da kananzir kaɗan da haƙurin kwana uku za su gama, sai ya koma na sayen kaya a Zariya ko Kano.

Da farko a tabbata injin ne ya cije, ba abin da ya ke ja ba. A cire bel in na niƙa ne. In na ban ruwa ne, a buɗe murfin famfon a duba, gama yashi da laka da tsatsa su kan kama farfelar ciki, injin kuwa lafiyarsa lau. A kwance kuma gidan igiya, wani lokaci igiyar ce ta sarƙe.

Sa'an nan a kwance fulogi a ja igiya a hankali. In ya juya, ruwa ko mai ya feso ta ramin fulogin, to, an gane cutar. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka in ya cika kan fistin, fistin ba shi da wurin hawa. Wannan ya kan sami injin da ambaliya ta ci a fadama, ko wanda aka kwantar a gefe har baƙin mai ya gangara cikin silinda. A yi ta ja har ya ƙafe.

In har yanzu bai motsa ba, a zaro sandar awon baƙin mai a duba. Mai da ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. Wanda a ke ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, ko aka tarar babu man sam, alama ce injin ya buga, wannan kam sai makaniki ya buɗe shi. Amma in man yana nan da kyansa, tsatsa ce ta haɗa zobba da jikin silinda. A gauraya kananzir da baƙin mai, a zuba kamar cokali uku ko huɗu ta ramin fulogi, a jingina injin yadda man zai kewaye fistin, a rufe ramin da tsumma, a bar shi kwana biyu ko uku. Bayan nan a sa sifana a notin babban faifan nan da igiya ke juyawa, a ɗan motsa shi gaba, a ɗan motsa shi baya, da ƙarfin hannu ɗaya kawai. Ko ya motsa kamar faɗin farce, an sami hanya. A ƙara mai, a bar shi ya kwana, gobe a sake. Wani ya kan kai mako. In ya saki, a juya shi sau da yawa ba fulogi, a tsiyaye tsohon man duka, a zuba sabo.

Mai tashi da mabuɗi

In aka murɗa mabuɗi aka ji shiru, ko aka ji "ƙas" sau ɗaya, a fara da batir, kada a zargi sitata tukuna. Cikakken batir ya kan nuna 12.6 a ma'aunin lantarki. Wanda ya sauka ƙasa da 12 ba shi da ƙarfin juya inji. Sau da yawa ma batirin lafiya ya ke, farin garin nan da ke taruwa a kawunansa ne ya tare wuta. A cire waya mai alamar ragi tukuna, sa'an nan ɗayar. A jiƙa kanwa a ruwan ɗumi a wanke kawunan, kada ruwan ya shiga cikin batirin, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. A duba kuma inda wayar ragi ta kama jikin inji, gama tsatsa a nan ta isa ta hana kome aiki.

In yana juyawa amma bai kama ba

Injin fetur yana bukatar abu uku: wuta, da mai, da matsi. A sa fulogi cikin hularsa, a jingina gindinsa a jikin inji, a ja igiya. Ana so a ga shuɗin tartsatsi. In babu, a goge bakin fulogin, a daidaita tsakanin bakinsa; a ƙananan injuna irin Honda GX160 da masu kama da shi, milimita 0.7 zuwa 0.8 ne. A duba waya ko ɓera ya ci. A sani kuma wasu injunan an yi musu na'ura mai yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye su a karkace. Wani ya kan sayi fulogi uku, ashe rabin kwalbar mai ce ta rage.

Fetur da ya yi watanni a tanki ya kan lalace, ya bar danƙo mai toshe ƙaramar kafar da ke cikin kafireta. Na bakin hanya kuma wani lokaci da ruwa ko ƙura a ciki. A zubar da tsohon, a kwance kwanon da ke ƙarƙashin kafireta a wanke, a hura kafar da famfon keke. Kada a zura mata allura, in ta faɗaɗa injin zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har abada. A leƙa salansa da matatar iska, domin zanzaro yana son yin ɗakinsa a nan.

Matsi kuwa, a toshe ramin fulogi da babban yatsa a ja igiya. In iska ta ture yatsan, madalla. In ba a ji kome ba, yawanci bawul ne ya maƙale a buɗe, sai a buɗe murfinsa a ɗiga masa mai har ya koma yana hawa da sauka.

Manyan injunan niƙa masu shan man gas, irin Lister na Ingila da waɗanda a ke ƙerawa a Indiya bisa fasalinsa, ba su da fulogi. Babbar cutarsu iska ce ta shiga bututun mai, musamman in an bari tanki ya ƙafe. A sassauta notin fitar da iska har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. Kada kowa ya tara hannu a bakin nozul don ya ga feshinsa; man yana fita da ƙarfin da zai huda fata.

Na kwalekwale

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 tabki ya buɗe a ƙasar Yawuri, injin kwalekwale ya zama abin yau da kullum a can. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafe shi, sai ƙari kaɗan. Yawancinsu ba sa yarda a ja igiya ko a murɗa mabuɗi sai giya tana firi, kuma ba sa ba da wuta in an zare ɗan maƙallin nan mai igiya da matuƙi ke ɗaurawa a hannu. Masu shan gauraye, watau fetur da mai a haɗe, a bi awon da maƙera suka rubuta. Da yawa kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai. Kada a tashe shi a tudu sai ƙafarsa tana cikin duro cike da ruwa, domin akwai 'yar farfelar roba mai jawo ruwan sanyaya shi, wadda kan ƙone nan da nan in ta juya a bushe. Wanda ya nutse kuwa, ran da aka tsamo shi ran nan za a tsiyaye shi a tashe shi, gama tsatsa ba ta jiran gobe. Haka famfon ban ruwa, a cika cikinsa da ruwa kafin a ja igiya.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Hayaƙin inji yana da guba marar wari mai kisa. Lalle a gargaɗi jama'a kada a tashi inji cikin ɗaki a rufe, kada kuma a saukar da shi cikin rijiya don ruwa ya yi nisa, sa'an nan mutum ya bi shi. Mai wanke kafireta ya nisanci taba da aci-bal-bal.

Injin da ya ke na ƙungiya ko na gari shi ya fi saurin lalacewa, don kowa na zaton wani ne zai duba shi. Ya kamata malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta lambar kowane inji, da sunan mai riƙonsa, da ranar da aka sake masa mai. Ƙananan injunan fetur ana sake musu bayan awa 100 na aiki, a ƙurar hunturu ma gara a gaggauta. In za a kai wa makaniki, a rubuta abin da aka ba shi a gaban shaida, a ce ya komo da duk abin da ya cire. Wannan zai rage ƙararrakin da kan zo gaban Dagatai.

A sa Dagatai da masu unguwa su yi shela sau biyu a shekara. Ta fari a watan Oktoba, kowa ya fito da injinsa ya gwada tun ba a yi dashe ba, don in ya cije a sami kwanakin jiƙa shi. Ta biyu a ƙarshen rani, lokacin ajiya: a rufe makunnin mai a bar inji ya shanye na kafireta, a juye tanki, a tsiyaye ruwan cikin famfo, a ɗiga cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogi a juya shi sau biyu ko uku, a mai da fulogin. Sa'an nan a ja igiya sannu har a ji ta yi tauri, a tsaya nan, domin a wurin ne bawul duka biyu su ke a rufe, raɓa ba ta samun hanya. A ɗora shi bisa katako inda ɗaki ba ya yoyo, kuma sau ɗaya a wata, har damina ta wuce, wani ya je ya ja igiyar.