Yadda Ake Ƙera Salansar Ƙaramin Injin Jirgin Wasa a Chow Kit

Unguwar Chow Kit ta birnin Kuala Lumpur, wadda ta ci sunan Loke Chow Kit, attajirin nan mai haƙar kuza, wuri ne da gidaje da shaguna suka cushe tun daga Jalan Tuanku Abdul Rahman har Jalan Raja Laut, ta yadda duk wanda ya tayar da ƙaramin injin jirgin wasa mai shan metanol ba salansa, lalle ya shiga haƙƙin maƙwabta. Saboda haka ƙera ta wajibi ne a kan mai wannan sha'awa.

Da farko sai ya nemi fallen tagulla marar kauri da ɗan bututu, ya auna bakin da injin ke fitar da hayaƙi, ya yanka, ya naɗe fallen kamar gwangwani, ya yi masa marfi biyu, kana ya goge wuraren haɗi da magagari har su yi ƙyalli, domin maiƙo ko da na yatsa ne yana ɓata liƙi.

A nan ne mas'alar take. Dalmar masu gyaran rediyo, wadda kuza ce aka gauraya da dalma, tana narkewa tun wajen digiri 183, alhali zafin hayaƙi da jijjigar inji za su iya warware ta jirgi yana sama. Abin da ya dace shi ne sandar liƙi ta azurfa, wadda sai zafi ya haura digiri 600 take narkewa. Sai ya kwaɓa garin boras da ruwa ya shafa a gaɓar, ya ɗaure sassan da waya bisa tubali, ya zagaya da harshen wutar gas a hankali har tagullar ta yi ja-ja-ja, sa'an nan ya taɓa sandar a jikin gaɓar. Sharaɗi ne zafin ƙarfen ya narkar da ita, ba harshen wutar ba, sai a ga ta bi tsagar da kanta.

Wasu sun fi son alminiyam saboda rashin nauyinsa, amma a ra'ayina ba aikin ɗan koyo ba ne, gama yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai aiki ba. Wanda ya nace, gara ya kai wa mai waldar argon.

Bayan salansar tagullar ta huce, sai ya wanke boras ɗin da ruwan zafi, ya toshe bakinta guda, ya nutsar da ita cikin ruwa ya hura. Inda kumfa ta fito, nan zai koma da wuta. Daga ƙarshe ya ɗaure ta da noti ya tayar da inji, in ya ji ƙarfinsa ya ragu ko zafi ya yi yawa, alama ce mafitar hayaƙi ta ƙuntata, sai ya buɗa ta kaɗan.