Amsar Tambaya: Mota Na Shaƙewa Idan An Taka Totur

Malam, kada ka yarda a sauke injin tukuna. Tsohuwar mota mai kafireta, irin Peugeot 504, idan ta shaƙe da an taka totur sannan ta zabura, galibi mai ne ya yi ƙaranci a kan iska. Cikin kafireta akwai ɗan famfo mai fesa fetur lokacin da ka taka. Idan robarsa ta tsage, iska ke riga mai shiga. Toshewar matatar mai ko tsagaggen tiyon iska ma kan jawo haka. Bakanike zai iya cewa fulogi ne, kuma dubawa ba ta da tsada, amma mataccen fulogi yakan sa injin karkarwa ko mota na tsaye. Don gwada ɗan famfon, kashe injin, cire matatar iska, a taka totur, ka leƙa cikin kafireta ka ga ko mai na fesowa.