Tayi da Karɓar Tayi: Nazarin Latsa Kalmomin Bincike a Manhajar Waya, da Misalai daga Ƙasar Isa da Sabon Birni

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman wani abu a wayar hannu ya san cewa da zarar ya rubuta harafi biyu ko uku a akwatin bincike, sai wasu kalmomi su jeru a ƙasa suna jiran ya ɗora yatsa a kan ɗaya. Kamfanin Google ya gwada wannan dabara a 2004, ya kuma shigar da ita babban shafinsa a 2008. A wannan maƙala za mu kira waɗannan kalmomi "tayi", domin kamar tayin abinci suke: mutum ya ga dama ya karɓa, ya ga dama ya ce ya ƙoshi. Maƙasudinmu shi ne mu duba abin da ke biyo bayan karɓar tayin, mu kuma nuna cewa rabin aikin na masu nazarin harshe ne.

2.0 Abin da ke Faruwa Idan an Latsa

Kowane tayi fuska biyu gare shi. Akwai ta zahiri, watau rubutun da ido ke gani. Akwai kuma ta ɓoye, watau lambar da ke nuna wa manhaja ainihin abin da ake nufi. A tsarin Android, alal misali, maginin manhaja yana da zaɓi biyu. Ko dai latsawa ta sa a ɗauki rubutun a yi bincike da shi, tamkar mutum ne ya ƙarasa rubutawa da hannunsa, ko kuwa a bi lambar ɓoye a buɗe abin kai tsaye. Hanya ta farko ta dace da kalmar da ke da faɗi, kamar "gero". Ta biyu ta dace da abin da ba shi da na biyu, kamar sunan gari.

Akwai wani kuskure da maginan manhaja kan yi. Idan an latsa, abin da waya ke sanar da manhaja shi ne matsayin tayin a jeri: na ɗaya ne, ko na uku. To, inda intanet ke tafiyar hawainiya, jerin na iya canzawa tsakanin ɗaga yatsa da saukarsa, sai na ukun ɗazu ya koma na biyar. Manhajar da ta dogara da matsayi kawai sai ta buɗe wa mutum abin da bai nema ba. Idan manhajar aika kuɗi ce, to ɓarnar ta wuce ɓata lokaci. Saboda haka lambar tayin da ido ya gani ita ce abin riƙo.

3.0 Matsalolin da Harshe ke Kawowa

3.1 Suna ɗaya, ma'ana da yawa

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A ɗauka wani ya rubuta "isa". Me yake nufi?

(a) garin Isa, hedkwatar ƙaramar hukuma a Jihar Sakkwato;
(b) Isa, sunan yanka;
(c) isa, watau kai wa wuri;
(d) isa, watau ƙasaita, kamar a "nuna isa".

A magana, kari da muhallin zance su ke raba gardama. A akwatin bincike kuwa, haruffa uku ne tsirara. Haka abin yake ga sarautu. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Sarkin Gobir ta watsu: akwai ta a Isa, da Sabon Birni, da Gwadabawa, da kuma Tsibiri ta Jamhuriyar Nijar. Tayin da ya tsaya ga "Sarkin Gobir" kurum bai gama aikinsa ba. Wajibi ne a ƙara ɗan layi a ƙarƙashinsa mai fayyace na ina ne, kowanne kuma da lambarsa daban.

3.2 Haruffa masu lanƙwasa

Mutane da yawa ba sa rubuta ɓ, ɗ, ƙ a waya. Ga shi kuwa kafa daban, ƙafa daban. Haka baki da baƙi, da bari da ɓari. Kwamfuta na da dabarar tuɓe wa harafin Faransanci é alamarsa ya koma e, amma dabarar ba ta aiki a kan ƙ, domin a tsarin Unicode harafi ne mai zaman kansa, ba k ce da aka ɗora wa wani abu ba. Dole a zauna a rubuta wa manhaja cewa k na iya zama ƙ. Ƙa'idar ita ce a sassauta wajen nema, a tsaurara wajen nunawa: wanda ya rubuta "kasa" a yi masa tayin kasa da ƙasa duka biyu, idan ya latsa ɗaya a cika akwatin da rubutu na daidai. Ta haka latsawa kanta ta zama darasin ƙa'idojin rubutu.

3.3 Karin harshe da iyakar ƙasa

Bagobirin Sabon Birni "zamna" yake cewa, ba "zauna" ba. Yakan ce hwara, kassuwa, ɗiya, habɗi da tonka, inda Bakano zai ce fara, kasuwa, 'ya, toka da barkono. Daɗin daɗawa, danginsa na ƙetaren iyaka sukan rubuta ƴ a gurbin 'y, kuma taswira na ɗauke da rubutun Faransanci: Tibiri maimakon Tsibiri, Guidan Roumdji maimakon Gidan Rumji. Abin da ya kamata shi ne duk siffofin kalma su taru a kan lamba ɗaya, ta yadda mai neman farashin tonka da mai neman na barkono za su sauka a rumfa guda.

4.0 Latsawa Ƙuri'a Ce

Manhajoji da yawa suna ƙidaya abin da aka fi nema da abin da aka fi latsawa, su ɗaga shi sama. Wanda ke sama kuwa shi ido ke fara gani, shi yatsa ke fara samu, sai ya ƙara hawa. Tun da masu Hausar gabas sun fi yawa a rubuce, kalmar Bagobiri sai ta yi ta nutsewa har a daina tayinta. Yaron da ya rubuta "habɗi" sau uku bai ga kome ba zai ɗauka kalmar kakarsa kuskure ce.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Yankin da aka rufe wa baki na ɗan lokaci ba ya jefa ƙuri'a ko ɗaya a wannan ƙidaya, kuma manhajar da tayinta duka daga intanet yake zuwa ta zama kurma. Darasi biyu ke nan: a ajiye jerin muhimman kalmomi a cikin wayar kanta, kuma kada a bar ƙidaya ita kaɗai ta yanke hukunci.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ɗora yatsa sau ɗaya ya ƙunshi sanin ma'ana, da ƙa'idojin rubutu, da karin harshe. Maginin manhaja ya san lamba, amma ba lalle ne ya san habɗi toka ce ba. Bargery ya kawo kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir a ƙamusunsa na 1934, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ya rage shi ne jeri mai haɗa kowace kalma da 'yan'uwanta na kare-kare da na rubutu, cikin tsarin da kwamfuta za ta iya karantawa. Ɗalibin da ya fito daga Isa ko Gatawa, idan ya tafi hutu da littafi da alƙalami, ya tattaro sunayen ƙauyuka da na kayan kasuwa yadda mutanen wurin ke faɗarsu, ya ɗora tubalin farko.