Yadda Ake Sauya Fitilar Hazo Ta Mota Ba Tare Da An Yi Asarar Kuɗi Ba

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk direban da ke tashi daga Yasore da asuba zuwa Batsari, ko ya miƙe zuwa Katsina, ya san yadda hazo ke rufe hanya. Iskar hunturu ce ke kwaso wannan ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ga kuma ƙurar da motar gaba ke tayarwa a hanyar da babu kwalta. Wannan ne ke sa masu Golf da Hilux da dama su je su sayo fitilu masu tsananin haske su liƙa. Sai dai da yawa sukan tarar ganinsu ya ragu, bayan sun kashe kuɗi.

Dalilin shi ne, fitilar hazo ba ƙarfin haske ne aikinta ba. Inda aka ɗaura ta, da yadda take baza haske, su ne suka fi muhimmanci.

Yadda fitilar hazo ke aiki

Idan aka kunna babbar fitila, wadda direbobi ke kira ful, haskenta yakan bugi ƙurar da ke cikin iska ya dawo cikin idon direba. Sai ya ga kamar an kafa masa farin bango a gaba. Ita kuwa fitilar hazo ana saka ta ne a ƙasa, a jikin bamba. Haskenta mai faɗi ne, kwance a kan hanya, kuma an yanke samansa don kada ya tashi. Ba ta haska nesa. Abin da take nunawa shi ne bakin hanya, ramuka, da ƙafafun dabba ko mutum da ke kusa. Saboda haka tana amfani ne kawai ga wanda ya rage gudu.

Mataki na 1: Gano lambar ƙwan

Kafin a sayi komai, a ciro tsohon ƙwan a duba lambar da ke gindinsa. Waɗanda aka fi samu su ne:

- H3, wat 55, a tsofaffin motoci
- H11, wat 55
- H8, wat 35
- H16, wat 19

H8 da H11 sun yi kama sosai, har wasu masu shago kan ce duk ɗaya ne. Gidan da aka ƙera don wat 35 idan aka saka masa na 55, zafi na iya narkar da robarsa. Na wat 100 kuwa, da ake tallarsa da sunan ya fi haske, ya fi kowanne ɓarna. Kuma ƙwan halojin ba a taɓa gilashinsa da hannu, domin maiƙon yatsa na sa ya ƙone da wuri. A riƙe shi da tsumma mai tsabta.

Mataki na 2: Ƙwai kawai za a sauya ko har da gida?

Gidan fitilar halojin yana da madubi a ciki wanda aka auna shi daidai da wurin da siririyar wayar ƙwan take. Idan aka cusa ƙwan LED wanda ɗigon haskensa bai zauna a daidai wannan wuri ba, hasken zai watse sama da gefe. A ido zai yi kamar ya fi ƙarfi, amma a kan hanya bai ƙara komai ba, sai dai kashe wa na gaba ido. Ɗan acaɓa da aka dallare wa ido a siririyar hanya, ko dai ya faɗa rami ko ya yo kan motar.

Wanda ke son LED, ya fi masa ya sayi cikakkiyar fitila, gida da ƙwai a haɗe. A duba rubutun IP67 a jikinta ko a kwalinta. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuma na nufin tana jure nutsewa cikin ruwa na ɗan lokaci. Ƙwan LED mai 'yar fanka a bayansa bai dace da hanyoyin karkara ba: ƙura na toshe fankar, ƙwan ya yi zafi ya mutu. Idan kuɗi bai kai ba, ainihin gidan motar ɗan Beljiyam, irin wanda ake samu a Kofar Ruwa a Kano, da sabon ƙwan halojin, ya fi sabon jabu.

Mataki na 3: Launi

Ana auna launin haske da lambar K. 3000K rawaya ne, 4300K fari ne mai ɗan ɗumi, 6000K kuma fari ne mai sirkin shuɗi. Ana yawan cewa rawaya na huda hazo. Gaskiyar ita ce ƙura na dawo da kowane launi, amma rawaya ba ta ɗaukar ido kamar fari mai shuɗi, don haka direba ba ya saurin gajiya. A Faransa ma doka ta taɓa tilasta wa motoci fitila rawaya, daga shekarun 1930 har zuwa 1993. Don hazon hunturu, 3000K ya fi dacewa.

Mataki na 4: Haɗa waya

Nan ne motoci ke ƙonewa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat da bolt. Ƙwai mai wat 55 a batir mai bolt 12 yana jan kusan amfiya 4.6, guda biyu sun haura 9 kenan. Biyu masu wat 100 kuwa sun kusa 17. Idan aka jona wannan a siririyar wayar da ba a yi ta don haka ba, za ta yi zafi ta narke.

Motar da ba ta zo da wayar fitilar hazo ba, dole a saka mata rile da fis. Rile mai ƙafa huɗu ga yadda ake haɗa shi:

- 30: zuwa batir, ta cikin fis mai amfiya 15, kusa da batirin
- 87: zuwa fitilun
- 86: zuwa makunni
- 85: zuwa ƙarfen jikin mota

A cire kan batir mai alamar ragewa kafin a fara. Kada a yarda mai rewaya ya ɗaure fis da waya, ko ya murɗa wayoyi ya naɗe da leda. Idan LED ya ƙi kamawa, a juya bakin jonin, domin wasu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta.

Mataki na 5: Saiti

Wannan mataki ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi tsallakewa. Bayan magariba a tsayar da mota a wuri mai daidai, tana fuskantar bango daga nisan mita 7 da rabi. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango a wannan tsayin. Sai a juya sukurin saiti har saman hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar.

Masu motar haya su lura: Golf da aka cika bayanta da buhunan gero ranar kasuwa, gabanta na ɗagawa, hasken ma ya ɗaga. Gara a yi saitin da kaya a ciki.

Bayan an gama

A riƙa goge gilashin kowace safiya a lokacin hunturu, domin ƙurar da ta kwanta a kai na rage haske ta kuma watsa shi. A kunna fitilar hazo tare da dim, ban da ful. Idan gari ya washe a kashe ta. In kuwa hazon ya kai ba a ganin bakin hanya ko da ita, sai a samu gari mafi kusa a tsaya har ya lafa.